Burodin da Na Saya a Bukkuyum

Na sauka a tashar Anka da azahar, ana tsakiyar zafin bazara, riƙe da jaka ɗaya da ƙarfen ɗibar ƙasa da takardar ɗaukar aiki wadda na karanta ta fi sau goma a cikin mota. Shekara uku na yi zaune a gidanmu a Misau bayan na gama karatun kimiyyar ƙasar noma a jami'a, kafin wani ƙaramin shirin tallafa wa manoma ya ɗauke ni aikin wata biyu. A takarda aikin ba shi da wuya: in zaga gonaki a yankin Anka da Bukkuyum da Gummi, in ɗebi ƙasa kaɗan-kaɗan a leda, in rubuta sunan mai gona, a kai ta ɗakin gwaji a gano takin da ya dace da ita. Abin da na gani da idona zan faɗa, da abin da aka faɗa mini baki da baki. Inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba. Akwai wurare biyu da ba zan ambaci sunansu ba, ƙauye ɗaya da shingen 'yan sanda ɗaya.

Cutar farko ƙarama ce. Ɗan kabu-kabu, wato sunan ɗan acaɓa a bakin mutanen can, ya zaga da ni rabin gari kafin ya sauke ni a ofishin shirin, wanda daga baya na gane ana hango rufinsa daga bakin tasha. Na biya ban ce uffan ba, don ban san wa ya sani ba, ban san wa zai kira ba.

Malam Lawali, jami'in da aka haɗa ni da shi, ya ba ni ɗaki a bayan ofis, ya kuma ba ni dokoki uku.

"Kak ka hwaɗi ma kowa inda za ka gobe, ko ni," in ji shi. "Kak ka ɗauki hoton kowa. Kak ka ɗauki mai ga jarka, ko kyauta anka ba ka."

Na buɗe littafina na rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya yana kallona har na gama.

"To wanga da kaka yi yanzu shi na na huɗu. Rage rubutu gaban mutane."

Mako guda na yi a Anka ina aiki a gonakin bakin gari. Ban taɓa zama inda ake tambayar baƙo da yawa a kuma ba shi amsa kaɗan irin nan ba. Mai shayi zai tambayi garinku, da sunan wanda ya kawo ka, da ranar da za ka koma. Kai kuwa in ka tambaye shi ko hanyar kaza tana biyuwa, sai ya ce Allah shi kyauta, ya ci gaba da fifita wuta. Da na buɗe baki suke gane ni ba ɗan ƙasar ba ne, suka sa mini Bakano. Na yi ta bayani cewa Misau a ƙasar Bauchi take, wani tsoho ya ce, "Dut gabas ta, Bakano." Wasu sun ɗauka zinare nake nema da ƙarfena. Wasu, ina jin, sun ɗauka abin da ya fi haka muni, ko da yake babu wanda ya faɗa mini.

Wadda ba ta taɓa tambayata komai ba ita ce wata dattijuwa mai tuwo a kusa da ofis. Kullum sai ta ƙara mini miya ta ce, "Ci, ɗan nan, ka rame tun ba ka hwara komi ba." Miyarta ta yi yaji fiye da ta gidanmu, amma a rumfarta kaɗai nake cin abinci ba tare da na juya na dubi bayana ba. A nan nake kiran mahaifiyata in sabis ya samu, in ce mata lafiya lau, garin shiru.

Daga Anka aka tura ni Bukkuyum. Gonakin da ke cikin jerina a nan suna nesa da titi, wasu ta wajen Adabka, wasu gaba da ita, inda mota ba ta shiga. Aka haɗa ni da wani ɗan kabu-kabu mai suna Manu, dogo, siriri, ya kai shekara arba'in da biyar. Bafulatani ne, amma iyayensa da kakanninsa a ƙauyensu aka haife su, suna noma suna kiwo. Ranar farko ya dube ni daga sama har ƙasa ya girgiza kai.

"Malam, hidda rigar ga daga cikin wando. Tabarau ma sa shi aljihu. Katin aikinka kuwa, cikin safa. Haka kaka, ko makaho ya san gwamnati ta aiko ka."

"Ai ba gwamnati ba ce, shiri ne mai zaman kansa."

"To in mun gamu da mutanen daji sai ka yi musu wanga bayani, ni ina jiranka gaba."

Ya cire hularsa ta saƙa ya ɗora mini, shi kuma ya ɗaura rawani. Kwana huɗu muka yi muna yawo tare. Ya san gonar kowa, ya san wanda za a fara gaisarwa a kowane gari, ya san lokacin da ya kamata mu juyo ko ban gama ba. Da ƙarfena ya ƙi shiga wata busasshiyar fadama, shi ya karɓa ya murza. A hanya ya ba ni labarinsa guntu-guntu: ɓarayin daji sun kore masa shanu gaba ɗaya, sun kashe ƙanensa da ya bi sawu, bayan haka kuma 'yan sa-kai suka hana shi shiga wata kasuwa har tsawon damina guda, wai ai danginsa ne a daji. Da kuɗin tumakin mahaifiyarsa ya sayi babur.

Dole in faɗi wani abu a nan, don in ban faɗa ba sauran labarin ƙarya ne. Duk da wannan alheri, zuciyata ba ta kwanta da Manu ba. Duk sa'ad da wayarsa ta yi ƙara ya amsa da Fulatanci, sai in riƙa sauraro ko zan ji kalmar Malam ko Bakano. In ya bar babbar hanya ya bi wata 'yar siririya, sai in fara karanta abin da ya sawwaƙa a raina. Ba shi da laifin komai da na gani. Amma labaran da na sha ji kafin in zo duk da irin wannan suke farawa: mutum ya yarda da wanda ya ɗauke shi.

A rana ta huɗu muna hutawa a gindin wata tsamiya, na fito da guntun burodin da na rage da safe na miƙa masa rabi. Ya juya shi a hannu ya yi murmushi.

"Ƙauyenmu an daɗe ba a ga wanga ba. Ɗiyana sun kusa mance kamatai."

Ban tambaye shi dalili ba. Na ɗauka talauci ne, ko nisan hanya. Washegari kuwa ƙauyensu za mu, da wasu guda huɗu a kewayensa. A gidanmu an hore mu cewa ba a shiga gidan mutum hannu rabbana, kuma tsarabar matafiyi a wajenmu ba ta wuce burodi. Saboda haka da sassafe, kafin Manu ya iso, na shiga kasuwar Bukkuyum na ce a ba ni goma sha biyu: biyu-biyu ga masu gari biyar, biyu ga 'ya'yan Manu.

Mai burodin ya dube ni ya daɗe.

"Walima za ka yi?"

"Tsaraba ce."

Ya dubi maƙwabcinsa mai sabulu, mai sabulu ya dubi ƙasa. Sannan ya ƙara mini kuɗi a kan kowane ɗaya, ya zuba su da sauri, ya ce in saka a buhu kada rana ta ɓata su. Mutum huɗu ko biyar ne a wurin, kuma ina kyautata zaton dukkansu sun san abin da ban sani ba. Babu wanda ya ce mini kanzil. Na zuba burodin a buhun da nake tara ledojin ƙasa, na ɗaure baki. Ban gaya wa Manu ba, don ina son in ga fuskarsa a gaban 'ya'yansa.

Wajen hantsi muka kai shingen 'yan sandan. Wata makarantar firamare ce da aka daina karatu a cikinta, an jera buhunan yashi da guntayen itace a kan hanya. Ƙa'idar wurin ita ce tun daga nesa mai babur zai kashe inji, kowa ya sauka, a turo shi da ƙafa, hannu a fili. Sau biyu muka taɓa wucewa ta nan a makon, ana ɗaga mana hannu kawai. Ran nan wani Saje ne a bakin hanya, matashi, idanunsa jawur, Hausarsa ta bariki. Na lura yatsansa na kan kunamar bindiga tun muna nesa.

"Menene a buhu?"

"Ƙasa ta, yallaɓai," in ji Manu. "Malam na awon gonaki."

"Buɗe."

Manu ya kwance igiyar da kansa, hankalinsa kwance. Burodi ya zubo a kan hanya. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya irin yadda tasa ta sauya ba. Bai dubi Saje ba, ni ya duba.

"Ƙasa, ko?" Saje ya ɗaga murya, wasu 'yan sanda biyu suka taso daga inuwa. "Wannan ƙasa ne? Kai ne kana kai wa ɓarayi burodi a daji! Su ci su ƙoshi su zo su harbe mu!"

A nan ne na fahimta. Mutanen daji ba su da gidan burodi. Duk abin da suke ci daga gari ake kai musu, a bayan babur, a cikin buhu. Shi ya sa burodi mai yawa da ya nufi daji ya zama abin tuhuma kamar man fetur a jarka, shi ya sa 'ya'yan Manu suka daɗe ba su gan shi ba. Kowa a ƙasar ya san haka, har Malam Lawali bai ga dalilin sa shi cikin dokokinsa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na saya. Tsaraba ce." Na sunkuya na ciro katina daga safa, abin da ya sa ɗaya daga cikinsu ya saita ni da bindiga sai da na ɗago.

Saje ya duba katin, ya dube ni. "Wa ya ce ka saya?"

Amsar ita ce babu. Amma ni mutum ne da aka koya wa kada ya faɗi abu sai da cikakken bayani, kuma ina tsoron kada daga baya a ce na ɓoye wani abu.

"Babu wanda ya ce in saya kai tsaye," na ce. "Sai dai jiya ya ɗan ambata cewa a ƙauyensu ba a samu, to wataƙila daga nan ne tunanin ya zo mini."

"Shi ya ambata."

"E, amma ba wai..."

"Ka san shi?"

"Kwana biyar ke nan da haɗuwarmu. Ba zan ce na san shi sosai ba, amma a iya abin da na gani..."

Ban ƙarasa ba. Marin Saje ya sauka a kunnen Manu na hagu da ƙarar da har yau nake ji. Ya dafe wurin, Saje ya bi shi da gindin bindiga a wuri guda, ya faɗi a kan burodin. Suka ja shi zuwa cikin wani aji, rawaninsa na jan ƙasa. Bai yi ihu ba. Abin da kawai na ji ya ce shi ne, "Malam, hwaɗa musu." Ni kuwa aka cilla mini katina aka ce in ɓace, gobe mota za ta zo ta kai shi Gusau.

Na san ma'anar wannan. Na sha ganin irinsu a waya, an zaunar da mutane a ƙasa da kaya a gabansu, an ce masu kai wa ɓarayi abinci ne. Wanda hotonsa ya fita a haka, ko kotu ta sake shi, ba lalle ya kwana biyu a gida da rai ba.

Ƙauyensu tafiyar kusan awa guda ce daga shingen. Na taka da ƙafa, hular Manu a kaina. Kafin in isa labari ya riga ni, ban san ta yaya ba. Na sami Magaji, wato mai garin, zaune da dattawa a ƙofar gidansa. Na durƙusa na faɗi duk abin da ya faru, har da amsoshin da na bayar. Na roƙe shi ya zo mu je ya shaide shi.

Yana jan carbi ya ce, "Ba ni zuwa."

"Ranka ya daɗe, ai ɗan garinka ne."

"Tun shina goye nis san shi. Ba ni zuwa." Ya gyara zama. "Bara anka kore muna shanu, munka aiki mutum ya kai ƙara. Shi anka hwara riƙewa, wai ƙaƙa yas san hanyar da sunka bi. Kwana ukku da sakinai, mutanen daji sunka kira ni ga waya sunka maimaita min dud abin da yaf faɗi can. Ban ce 'yan sanda sunka kai musu ba, ban sani ba. Amma cikin ɗaki guda anka yi maganar. In an zo muna da dare mu kira, sai rana ta hito su iso, su tara samarinmu su kwantar da su ga rana, wai mu muka ɓoye ɓarayi. To ka ce in tahi in ce mi? In tahi, su ce ni am maigidan masu burodi. In dawo, na daji su ce mi nit tahi yi."

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Kai dai Bakano, wa yat turo ka?"

Na fara bayanin shirin da takin zamani, na ga babu mai saurare, na bari.

Ina tashi wata tsohuwa ta tare ni a bakin danga da ƙwaryar fura. Mahaifiyar Manu ce, kowa Inna yake ce mata. Ta ji komai daga inda take. Na ce na ƙoshi, ta ƙi janye hannu sai da na sha. Sannan ta dubi hular da ke kaina.

"Kai kat tahi da shi, ɗana," ta ce. "Kai za ka maido shi."

Bayan azahar na koma shingen, na tsaya daga nesa hannuwana a sama har aka yafuto ni. Wannan karon na sami babbansu, wani Sufeto mai furfura, zaune a kan bencin 'yan makaranta a baranda. A gabansa akwai kofin ruwa da rabin burodi. Ya ga inda idona ya tafi.

"An ci uku daga cikin shaidar," ya ce. "Kwana biyu motar abincinmu ba ta zo ba. Zauna. Kai ɗan ina ne?"

Da na ce Misau sai ya saki fuska. Shi ma daga wajenmu yake. Rabon da in ji Hausa irin ta gida tun da na sauka Anka, har na ji ƙwalla ta taru mini, kuma na ji kunyar hakan, don ta tagar ajin ina hango ƙafafun Manu a miƙe a ƙasa.

"Mako shida aka ce za mu yi a nan," in ji Sufeto. "Yau wata na biyar. A wannan ajin muke kwana, da takalmi. Wancan Saje da ka gani, su biyu suka zo da abokinsa, tun daga makarantar horo suke tare. A waccan kwanar hanyar aka harbe abokin. Da safen ranar wani mai babur ya tsaya ya gaishe su, ya ba su goro, yana ƙirga su da ido. Tun daga nan duk wanda ya yi masa ladabi sai ya ga mai goro. In muka shiga kasuwa a yi tsit. Mu tambayi hanya, a nuna mana wata. Sun san ɓarayin nan da suna da sunan uba, ba wanda zai faɗa mana. Daga sama kuma kullum waya: me kuka kama, me kuka kama?"

"Amma ranka ya daɗe, duka ai ba zai sa su faɗa ba."

"Ba zai sa ba," ya amsa, bai ko yi musu ba. "Na gaya wa yaran nan har na gaji. Mutumin da bai yi barci ba, yana jin tsoro, ga bindiga a hannu, ba ya jin wa'azi."

Ban san ko duk abin da ya faɗa haka yake ba, kamar yadda ban san na Magaji ba. Abin da na lura shi ne kowannensu ya ba ni labarin ta'asa, kuma kowanne yana ganin ɗayan ya san wanda ya yi.

Na ce, "Manu dai ba shi da hannu."

"Kai da ka hau bayansa kwana biyar ka ce ba ka san shi ba. Ni da na gan shi yau fa?"

Ya yago takarda daga wani tsohon littafin makaranta ya ce in rubuta bayanina. Na cika shafi guda da rabi, na bi komai daki-daki. Ya karanta yana motsa baki, ya ajiye.

"A iya sanina. Bisa ga dukkan alamu. Ba na tsammanin. Malam, wannan takardar ita za ta kai shi Gusau, ba Saje ba. In kana da magana ka yi ta. In ba ka da ita ka kama hanya tun da rana, ba wanda zai ga laifinka."

Ya ba ni wata takardar. Gaskiya ita ce ban san da wa Manu yake magana a waya ba, kuma ba ni da hanyar sani. Na rubuta: Ni na sayi burodin, ni kaɗai. Manu bai sa ni ba, bai san yana cikin buhun ba. Na san shi, mutumin kirki ne. In aka same shi da laifi a kama ni. Na sa sunana da na mahaifina da unguwarmu da lambar wayata. Na sa hannu.

Sufeto ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. "Ka san abin da ka ɗauka?"

"Na sani."

Kafin la'asar aka fito da shi. Gefen fuskarsa ya kumbura, jini ya bushe daga kunne zuwa wuya. Saje ne da kansa ya turo babur ɗin ya jingine, bai dubi kowa ba, ya koma bayan buhunan yashi. Sufeto ya ce mu ɗauki sauran burodinmu. Manu ya ce, "Bar shi," ya tayar da inji.

Na zaci za a yi murna a ƙauyen. Inna kam ta rungume shi tana kuka. Amma mazan da ke ƙofar Magaji ba wanda ya tashi. Suka amsa sallama ciki-ciki.

"Tun yau?" in ji Magaji.

"Tun yau, ranka shi daɗe."

"Wanda sunka ɗauka bara wata takwas yay yi," wani ya ce, ba Manu yake kallo ba. "Kai ko wuni ba ka cika ba. Mi kab ba su?"

Na yi caraf na ce ni na rubuta takarda na tsaya masa. Sai duk suka juyo suka dube ni, baƙon da ke yawo da littafi yana rubuta sunayen masu gona, wanda ya shiga wurin 'yan sanda ya zauna a benci ya fito da mutum cikin awa biyu. Na gane na ƙara ɓata abin. Manu ya mayar da ni Bukkuyum a ranar ba tare da ya ce mini komai ba. Da na sauka na miƙa masa hularsa, ya karɓa, ya juya. Washegari bai zo ba, wayarsa a kashe. Aka ba ni wani direban, na ƙarasa gonakin da zan iya, na bar shida ban je ba.

Gummi ce zangona na ƙarshe. Mako uku bayan haka, ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. Ina tsaye a tasha ina neman motar da za ta ɗauki buhunan ƙasata, sai na hango wani dogon mutum yana sauke buhun shinkafa daga ka. Manu ne. Na kira sunansa sau biyu bai juyo ba, sai da na zagaya ta gabansa.

Muka zauna a kan wani benci a bayan rumfar mai rake. Na fara magana, ya ce, "Komo ta nan, wancan kunnen ba shi ji." Na koma damansa. Ya ce ya sayar da babur, don ba ya jin abin da ke tahowa ta hagu. Kwana biyu da sakinsa 'yan sa-kai suka aiko a tambaye shi zancen burodi. A ranar kuma wata lamba da bai sani ba ta kira shi daga daji, aka ce an ji yanzu yana da abokai a shinge. Bai jira na uku ba. Ya kwaso Inna da matarsa da 'ya'ya huɗu, suna zaune a zauren wani ɗan uwansu a bayan kasuwa. Gonarsa tana can, bana ba mai shuka ta.

Na ce masa laifina ne, ban ƙara komai a kai ba. Ya dubi motoci.

"Alheri kay yi nuhi, na sani. Inna ma ta ce in na gan ka in gaishe ka."

"Me zan yi maka, Manu? Ko in yi wa ofishinmu magana, ko in koma wurin Magaji in sake yi musu bayani, ko in rubuta..."

Ya dafa gwiwata. Idonsa na kan littafin da ke leƙowa daga aljihuna, daga nan ya koma kan 'yan dako uku da suka daina hira suna kallonmu.

"Malam, nan ba wanda yas san ni tukuna. In kana son ka yi min wani abu, tashi ka tahi. Kak ka ba ni hannu, kak ka waiwayo. In sun tambaya, hanya kat tambaye ni."

Na tashi. Na bi ta tsakanin motoci har na fita ƙofar tasha, na tsaya a bakin titi inda ba zai hango ni ba, na jira kusan awa guda kafin in aika a ɗauko mini buhunana.